Jar Mota Mai Kujera Biyu a Kwarin Gawo

An yi wani mutum a ƙasar Gazawa, a shekarun da Faransawa ke naɗe kayansu za su bar mana ƙasa. Ba zan faɗi sunansa ba. Danginsa suna nan da rai, ba mamaki ma wasunsu na zaune cikinku, kuma kunyar da suka sha ta ishe su. Uwarsa Auta take kiransa. Mutanen kasuwa kuwa mai sikeli suke ce masa, don sayen gyaɗa yake yi wa wani kamfani na Maraɗi.

Ɗan wani ƙauye ne kudu da Gazawa, wajen iyaka. Ubansa ya rasu yana goye. Uwar, tsohuwa Cima, ita ta riƙe su da dakau da suyar ƙuli-ƙuli, shi da wansa Labo. Da aka zo ɗaukar yara lakol, wato makarantar boko, Labo ya riga ya isa riƙe hauya, sai aka ba da ƙaramin. Ya yi 'yan shekarunsa a can, ya iya karanta lambar sikeli, ya iya gaida Bature da harshensa. Shi ke nan Allah ya buɗa masa. Duk kaka manoman yankin wurinsa suke kai gyaɗa, ba don ya fi kowa gaskiyar awo ba, sai don ɗan Cima ne.

Kafin in ci gaba, bari in gaya muku yadda hanyar ƙauyen nan take, don wanda bai taɓa bin ta ba ba zai gane labarin ba. Tsakanin ƙauyen da Gazawa akwai wani kwari mai rairayi, ana ce masa Kwarin Gawo. Da sassafe rairayin yana da sanyi da ƙarfi, mota takan wuce in an shigo da gudu. Rana na takewa sai ya saki, ya zama kamar garin tuwo. Babu gida kusa, babu rijiya. Saboda haka duk direban da ya san aikinsa ba ya tunkarar kwarin nan shi kaɗai. Ko kamiyo, babbar motar kaya, ya cika maƙil da buhuna, sai ya kira maza su hau sama, kuma ba ya karɓar komai a hannunsu. In mota ta kafe, a sauka, a shimfiɗa zana a gaban taya, a sa kafaɗa a tura. Mai mota ya ɗauki mutane, mutane su fid da mota. Haka ake yi tun ranar da mota ta fara shiga ƙasar nan.

Mutumin namu ya san haka sarai. Shi da kansa ya sha hawa kan buhuna, ya sha turi a kwarin nan har kafaɗarsa ta saluɓe. A wurin direbobin kamiyon nan ma ya koyi tuƙi. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce mini daga baya rashin sani ne.

Shekarar da aka karɓi mulkin kai gyaɗa ta yi kyau, hannunsa ya cika. Ya zo ƙauye ya ce zai sayi mota. Ba a taɓa yin mai mota a garin ba, murna ta kama kowa. Labo ya ce, "Alhamdu lillahi. Ko ba komi, mai naƙuda ta huta da amalanke." Tsohuwa Cima ta kama hannunsa ta tofa masa addu'a, ta ce Allah ya sa abin ya amfani jama'a.

A Maraɗi akwai wani Bature, wakilin kamfanin da yake yi wa aiki, zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayansa. Mutumin ya tafi gidansa tare da abokinsa Tanimu, wani komi, wato akawu, da ke aiki a buro, ofishin Gazawa, irin mutanen nan da ba su taɓa ba da shawarar da za ta sa su gumi ba.

Motoci biyu suka tarar a harabar gidan. Ɗaya akori-kura ce mai ruwan toka. Ta ɗan kwana biyu, fentinta ya koɗe, amma tana da tsawon ƙafa da faɗin baya, ta ɗauki mutane da awakinsu. Ɗayar kuwa, ya 'yan uwa, ni ma ranar da na fara ganin ta sai da na sake waiwayowa. Ja ce wur, gajera, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Kujerunta biyu rak, na fata mai laushi. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya, sai mai tuƙi ya zauna a sarari kowa na kallonsa. Bayan kujerun akwai wani doron ƙarfe mai sheƙi, shi ne murfin wurin kaya.

Baturen nan, a yi masa adalci, bai cuce shi ba. Ya ce masa jar ta fi arha nesa ba kusa ba, kuma ya faɗi dalili. Don wasa ya kawo ta daga ƙasarsu, ya yi da-na-sani, babu mai son ta a nan, kayan gyaranta ma sai an aika ƙetare. Ya ce ba ta son rairayi, ba ta son nauyi. Ya dafa akori-kurar ya ce, "Wannan ita ce ta ƙasarku." Kuma abin da ke aljihun mutumin ya isa ya sayi kowace daga cikinsu.

Mutumin ya ce a ɗana jar tukuna. Baturen ya naɗe rufin, suka hau hanyar Cadawa. Ya ba ta wuta, ta yi gurnani, ta miƙa. Iska ta doki fuskar mutumin, hularsa ta tashi ta bar shi, ya waiwaya yana dariya kamar yaro a kan shillo. Masu jakuna suna kaucewa, mata a bakin rijiya suna ajiye guga suna kallo. Ba zan ɓoye muku ba, abin da daɗi. Kuma jin daɗin mota ba haramun ba ne. Neman arha ma ba laifi ba ne. Ku saurara ku ji inda laifin yake.

Da suka dawo ya tsaya tsakanin motocin biyu yana ta juya ido. Tanimu ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Ka sai mai bayan nan ka zama jakin dangi. Yau a ce kai mai ciwo, gobe a ce kai amarya, jibi a ɗora maka akuya. Kai ka yi lakol ko su?"

Mutumin ya zagaya jar, ya shafa kujerun, ya yi murmushi. Ya ce, "Ni da wanda ni ka so. Duk wanda ya ce in ɗauke shi, in nuna mashi shi gani da ido, ba wuri."

Kun ji? Ba arha ya saya ba, ba daɗin iska ya saya ba. Uzuri ya saya, wanda zai riƙa toshe bakin danginsa da shi ba tare da an kira shi marowaci ba. Ya nemi abin da zai ce a'a a madadinsa, ya same shi da fenti ja. Mutum yakan ɓoye wa mutane niyyarsa, amma wa zai ɓoye wa Wanda ya halicci zuciyar?

Ranar da ya shigo ƙauye da ita, da sanyin safiya, gari ya fito. Mata suka yi guɗa tun daga nesa. Da motar ta tsaya, guɗar ta mutu a bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Labo ya zagaya ta, ya leƙa ciki, ya leƙa baya, ya ce, "Auta, ina za a zauna?"

Ya ce, "Ita ce mai arha, Yaya. Waccan ta hi ƙarhina."

Ƙarya ya yi, kuma bai ko ƙifta ido ba. Tsohuwa Cima ta dogaro sanda ta zo, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙofar, hannun da dakau ya yi wa kanta. Ta ce, "Tubarkalla. Wata rana ka ɗana ni, in ji yadda a ka ji." Ya ce wata rana, Inna. Tana ɗauke hannu ya zaro hankici ya goge wurin. Ta gani. Ta ce Allah ya tsare hanya, ta koma cikin gida.

Daga nan ya shiga cin duniyarsa. Ranar bikin 'yancin kai ya ɗaura tuta a gaban motar ya yi ta zagaya Gazawa, yara na bin sa da gudu. Ran kasuwar Cadawa yana can, ko ba shi da abin saye. Ya je Agiye shan iska, ya je Gidan Rumji don kawai a gan shi. Tanimu kullum yana kujera ta biyu, ya sa tabarau ya harɗe ƙafa. Da tamfol ɗin rufin ya yage, Tanimu ya ce ai ta fi kyau a buɗe, sai ya cire shi ɗungum ya jefa a ɗaki.

Mutane kuwa suka fara zuwa, kamar yadda kowa zai zata. Haladu, maƙwabcin uwarsa, ya zo masa a guje har Gazawa, matarsa ta kwana tana naƙuda abin ya ƙi. Mutumin ya kai shi gaban motar ya ce, "Duba da kanka. In ta zauna nan, ungozoma ta zauna ina? Ba wuri." Haladu ya duba, ya ga lalle kujera biyu ce, ya juya. A amalanke aka kai matar. Ita ta rayu, abin da ke cikinta bai rayu ba.

Aka yi wa tsohuwa Cima rasuwa a Cadakori, ƙanwarta ce ta mutu. Ta aika masa ya kai ta gaisuwa. Ya ce ya riga ya yi wa Tanimu alkawarin kujerar. Tsohuwar nan aka tura ta saman kamiyo, ta zauna kan buhunan gyaɗa tana riƙe da igiya. Daidai Cadawa sai ga jar mota ta zo ta wuce su tana busa ƙaho. Matar da ke gefenta ta ce, "Cima, wancan ba ɗanki ba ne?" Tsohuwa ta gyara lulluɓi ta ce, "Shi ne. Sauri shi kai, aiki ya yi mashi yawa." Har a nan tana rufa masa asiri.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na Kwarin Gawo. Ba sau ɗaya ba jar motar nan ta kafe a can. Masu tafiya a ƙasa su ajiye kayansu, su haƙa da hannu, su tura har ta fita. Al'ada ta ce wanda ya tura shi zai hau. Shi kuwa tana fita sai ya ɗaga musu hannu ya ƙara wuta, ya bar su da rairayi a baki. Ya ci turin mutane bai taɓa biyan kowa da kujera ba. Duk da haka in ya sake kafewa su sake turawa, suna cewa ɗan Cima ne.

Ya 'yan uwa, Allah yana jinkirta wa bawa har bawan ya ɗauka an manta da shi. Ba a manta ba.

Wata kaka, tsohuwa Cima ta je gona tana kalen gyaɗa, kububuwa ta sare ta a ƙafa. Aka yi na gida, aka yi tofi, aka ba ta saiwa. Washegari ƙafar ta kumbura har cinya, jini ya fara fitowa ta dasashinta. Duk wanda ya san kububuwa ya san in an kai nan sai likita, kuma maganin sai Maraɗi. Aka tashi mai doki ya je Gazawa.

Ba zan zalunce shi ba, da ya ji ya zo. Ya taso da hantsi shi kaɗai, ya shigo kwarin da gudu rairayi bai gama saki ba, ya wuce. Kafin a shirya tsohuwa a fito da ita, rana ta take. Aka ɗauko ta aka zaunar da ita a kujera ta biyu. Ranar ce ta fara zama cikin motar ɗanta. Ta shafa fatar da hannu ta ce, "Ashe haka ta ke da laushi."

Yana shirin tashi sai ya ga maza uku tsaye a bayan motar. Labo ne da zana naɗe a kafaɗa da salkar ruwa, da Haladu da fartanya, da wani tsohon abokin ubansu, Ɗanmaraya. Haladun nan da aka nuna wa kujera aka ce ba wuri, shi ne ya bar gonarsa ya zo.

Labo ya ce, "Mu hau bisa doron nan mu riƙe. Rana ta yi, kwarin ya saki. Ba ka hita sai da turi."

Mutumin ya dubi doron ƙarfen nan mai sheƙi, ya dubi ƙafafunsu da ƙasar gona. Ya ce, "Murhin lotsawa shi kai. Bature ya ce ba ta son nauyi."

Labo ya ce, "To ni kaɗai in hau, in riƙe Inna ta baya. Ko ka ga tana iya zama da kanta?"

Ya ce, "Ɗazu ni wuce kwarin ba da kowa ba. Ba wuri, Yaya, kana gani."

Labo ya ce, "Auta, don girman Allah. Uwarmu ce."

Ya ce, "Ba wuri." Bakinsa ya saba da kalmar nan har ta riga tunaninsa fitowa. Ya tada mota. Labo ya miƙo zana da salka, amma mota ta riga ta tafi. Mazan nan uku suka dubi juna. Suka saɓa kayansu suka bi sawun taya da ƙafa, don sun san inda za su same shi.

Ya shiga Kwarin Gawo da gudu kamar yadda ya saba. Motar ta yi tsalle, tsohuwa ta yi ƙara, ya ɗaga ƙafa ya rage wuta. Nan take motar ta zauna. Ya ba ta wuta, tayoyin suka yi ta haƙa wa kansu rami har cikinta ya kwanta a kan rairayi. Ya fito ya haƙa da hannu. Ya tura ta baya, ba mai riƙe sitiyari. Ya koma ya riƙe sitiyari, ba mai turawa. Ya cire babbar rigarsa ya cusa ƙarƙashin taya, taya ta yayyaga ta ta watsar.

Rana tana tsakiyar kai. Babu rufi, ya cire shi don a gan shi. Babu ruwa, ya bar shi a hannun wansa. Kujerar fatar nan mai laushi ta ɗauki zafi kamar tanda. Ya so ya ɗauke tsohuwa ya kai ta gindin gawo, amma da ya taɓa ƙafar sai ta yi kuka, kuma shi kaɗai ba zai iya ɗaga ta ba tare da jan ƙafar ba. Ya tsaya ya yi mata inuwa da jikinsa.

Ta buɗe ido ta ce, "Ruwa."

Ya ce, "Babu, Inna."

Ta ce, "Ina Labo?"

Ya ce, "Na baro shi gida."

"Don mi?"

Ya kau da kai. Ta sake tambaya. Ya ce, "Ba wuri."

Tsohuwa ta juya kanta a hankali ta dubi doron ƙarfen nan da ke bayanta, faffaɗa, ba kowa a kai, yana ta sheƙi cikin rana. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Shekarar yunwa da ƙahwa ni bi kwarin nan. Kana goye, Labo na hannuna, kayanmu na kaina. Ban ce ma kowa ba wuri ba."

Ba ta ƙara yi masa magana ba. Hankalinsa ya tashi, ya ce bari ya nemo mutane. Ya hau tudu yana kira, ya gangara wancan gefen, ya yi gabas ya yi arewa. Mutumin da ya sayi mota don kada mutane su dame shi, ga shi yana gudu ba riga ba hula yana neman mutum ko ɗaya. Can da nisa ya sami wani makiyayi, Mumuni, da shanunsa. Bafulatanin bai tambaye shi ko wane ne ba, ya ɗauki gorar ruwansa ya biyo shi.

Suna isowa, Labo da mutanensa ma suna gangarowa ta ɗaya gefen, jiɓi ya jiƙa su sharkaf. Duk suka tarar da abu ɗaya. Tsohuwa Cima ta cika, kanta ya jingina da ƙofar nan da aka taɓa gogewa don ta taɓa ta.

Ku fahimce ni, ya 'yan uwa. Ajali na Allah ne. Ban ce da an hau da mazan nan lalle da ta rayu ba, wannan ba ni da saninsa. Abin da na sani, da an hau da su, da ta sami mai ɗiga mata ruwa. Da ta sami cinyar da za ta ɗora kai. Da ta sami mai laƙƙana mata kalmar shahada. Mace ta haifi maza biyu ta raine su, ta mutu ita kaɗai cikin rana a kan kujerar fata, ba wanda ya ji abin da ta faɗa na ƙarshe.

Mutumin ya ce a tura motar a mai da ita gida. Labo ya ce, "Ba ta komawa gida cikin wagga aba." Ya kwance zanar da ya ɗauko don taya, suka saro itace biyu, suka ɗaure, suka kwantar da ita suka lulluɓe. Labo ya kama gaba, Haladu ya kama gefensa, Ɗanmaraya da Mumuni suka kama baya. Mutumin ya matso yana kuka, ya kawo kafaɗa zai sa.

Labo bai ɗaga murya ba. Ya dube shi ya ce, "Ba wuri, Auta."

Ban yabi Labo da wannan magana ba, mai haƙuri ya fi. Amma ni ban ga mai bakin da zai zarge shi ba. Suka ɗauki uwarsu suka tafi, shi yana biye a baya hannu wayam har gari.

Bayan kwana biyu wasu matafiya suka turo masa motar ta fita, kamar yadda aka saba. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kai shi ƙara wurin jandarma, don ba dokar da ya taka. Mutane dai suka janye. Wadda ake ganin girmanta ta tafi. Da kaka ta zagayo, manoman yankin suka riƙa wuce sikelinsa da jakunansu, su gaishe shi da kyau, su kai gyaɗarsu gaba. Ya zauna daga safe har yamma, sikeli ba ya motsi. Kamfani ya ga ba kaya, ya karɓe sikelin ya ba wani. Tanimu ya sami canjin aiki zuwa Yamai, ya tafi ko sallama bai yi masa ba.

Motar ma ba ta daɗe ba. Wani ƙarfe ya karye a cikinta, aka nema a Maraɗi babu, aka nema har Katsina babu. Ya sa ta kasuwa, wa zai sayi motar da uwar mai ita ta mutu a ciki? Aka ɗora ta kan duwatsu a bayan gida. Rana ta cinye jan fentin, kaji suka mai da kujerun wurin ƙwai.

Daga baya hankalinsa ya taɓu. Ba irin haukan jifa ba, shiru ne kawai ya yi masa yawa. Ya kafa 'yar bukka a gindin gawon nan na kwari ya tare a can. Ni na gan shi da idona, wata rana muna kan kamiyo za mu Gazawa, muka kafe. Kafin mu gama sauka sai ga wani mutum ya fito a guje, ya rame, gashi ya cukurkuɗe, da tsohuwar zana a kafaɗa. Ya shimfiɗa ta gaban taya, ya sa kafaɗa, ya yi turin da ya fi na kowa. Da mota ta fita direba ya leƙo ya ce, "Malam, hawo mana, akwai wuri." Mutumin ya toshe kunnuwansa da hannu biyu ya koma bukkarsa. Aka ce mini kullum haka yake yi. Yana tura kowa, bai ƙara hawa mota ba har ya mutu.

To, ya 'yan uwa, labarin ya ƙare, saura ku. Kada wani ya tashi daga nan ya ce malam ya haramta jar mota. Wanda Allah ya hore wa ya saya, ya sha iska, ya gode. Tambayata ita ce, lokacin da kake zaɓe, wa kake ƙirgawa a zuciyarka, wa kake cirewa? Yanzu mulki ya dawo hannunmu. 'Ya'yanmu sun zauna a kujerun da Turawa suka bari, sun gaji gidajensu da motocinsu. Ina ganin wasu sun fara gina gida mai ɗaki kaɗan da gangan don kada baƙo ya kwana. Ina ganin masu sayen ƙaramar tukunya don kada a zo da yunwa. In an yi magana su ce ai ga shi kuna gani, ba wuri. Wa ya rage wurin? Ba kai ba ne, da hannunka, tun ranar ciniki?

Allah ya yi gargaɗi mai tsanani a kan yanke zumunci, ya haɗa haƙƙin iyaye da nasa. Wannan kun sha ji. Abin da nake so ku ƙara sani shi ne, mutanen da kake ganin nauyi ne a kanka, su ne za su fid da kai ranar da ka kafe. Kuma kowa zai kafe. Mai sikeli ya ɗauka yana rage kaya ne, ashe kafaɗun da za su cece shi yake saukewa.

Akwai abin hawa guda da ke jiran kowannenmu a bayan masallaci. Wurin mutum ɗaya gare shi, ba shi da rufi, kuma ba a taɓa jin wanda ya kasa samunsa don tsada ba. Amma ba ya tafiya ko taki ɗaya sai maza sun sa kafaɗa. Ranar da aka kwantar da kai a kansa ba ka da bakin kiran kowa. Waɗanda ka bari a hanya su ne za a duba ko sun zo.

Ya Allah ka yalwata zukatanmu kafin ka yalwata hannuwanmu. Kada ka ba mu abin da zai raba mu da iyayenmu da danginmu. Ka jiƙan tsohuwa Cima, ka sanyaya makwancinta, ka gafarta wa ɗanta in ya tuba. Ka sa mu cika a hannun namu, da kalmar shahada a baki. Allah ya kiyaye mu da ranar da za mu kawo kafaɗa a ce mana ba wuri. Amin.